IUI, IVF Ko A Ƙara Jira? Yadda Za Ku Auna Damar Samun Ciki Kafin Ku Kashe Kuɗi

Wata ƙanwata da ke aure a Tudun Jukun, nan Zariya, ta zo gidana bayan La'asar, ta dire min ledar takardun asibiti a kan tabarma. Shekara huɗu da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Likita ya ce a gwada IUI. Ƙawarta ta ce kada ta yi asarar kuɗinta, su daure su tara su tafi Abuja a yi musu IVF. Uwar mijin kuwa ta ce me ake ci na baka na zuba, haihuwa lokaci ce.

"Yaya, wanne zan bi?"

Na ce, "Miƙo ledar tukuna." Rabin amsar tana cikin takardun nan, sauran rabin kuma yana aljihun maigidanta da shekarunta na haihuwa.

IUI ba shi da wuyar fahimta. Miji zai ba da maniyyinsa a ɗakin gwaji, a wanke shi, wato a ware ƙwayoyin da ke motsi da kyau daga ruwan da kuma matattun, sannan a zura wani siririn bututu ta bakin mahaifa a zuba su ciki, daidai lokacin da ƙwan mace zai fito. Mintuna kaɗan ne, ba yanka, ba allurar barci. Daga nan likita ya gama nasa. Ƙwayoyin ne za su hau hanyar ƙwai da ƙarfinsu, su tarar da ƙwan a can. An rage musu tafiya ne kawai. A IVF kuwa ciro ƙwayayen ake yi daga jikin mace, a haɗa su da maniyyin a ɗakin gwaji, in ɗan tayi ya samu a mayar da shi mahaifa. Duk wanda ya ce maka IUI ƙaramin IVF ne mai araha bai fahimci ko ɗayansu ba.

Abin da za a auna

Abu biyar nake ɗora kowace hanya a kai: damar a haifi ɗa a raye (ba ganin layi biyu a tsinken gwaji kaɗai ba), jimillar kuɗi har zuwa ƙarshe, lokacin da za ta ci, wahala da zirga-zirga, sai haɗari ga uwa da jariri.

Akwai na shida da mutanenmu kan fara tambaya, wato halacci, kuma amsarsa ɗaya ce ga IUI da IVF. Fatawar da ta fito daga Misra a 1980 ta hannun Shaikh Jadul Haƙ, da matsayar da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ɗauka a Amman a 1986, duka sun halatta, da sharaɗin maniyyin na mijin ne, ƙwan na matar ne, mahaifar tata ce, kuma igiyar aure tana nan. Aron maniyyi ko ƙwan wani haramun ne. Saboda haka tambayar da za a yi wa asibiti ita ce yaya suke lakabta samfur don kada a yi musanye.

Takardu huɗu da ke faɗin damar IUI

Matashin miji da matashiyar mata masu cikakkiyar lafiya, damar su samu ciki a wata guda ba ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 ba. IUI a jimlace yana ba da wajen kashi 10 zuwa 15 a kowane zagaye, wato kowane watan da aka gwada shi. Amma wannan lissafin kowa da kowa ne a kwano ɗaya. Akwai macen da damarta ta kusa 20, akwai wadda tata sifiri ce, kuma ana iya bambance su tun kafin a karɓi ko sisi.

Ta farko ita ce hoton hanyoyin ƙwai, wanda ake kira HSG. Ana zuba wani ruwa a mahaifa a ɗauki hoto a ga ko ya ratsa hanyoyin biyu. Yana da ciwon mara, ba zan ɓoye ba, amma shi ne alƙali. In duka biyun a toshe suke, IUI zubar da kuɗi ne. In ɗaya a buɗe take, ana iya gwadawa. Wannan takarda ta fi muhimmanci a wajenmu fiye da a Turai, domin toshewar hanya na cikin manyan dalilan rashin haihuwa a wannan yanki namu: ciwon sanyin da aka yi ta sha wa jiƙe-jiƙe har ya haura sama, cutar da ta shiga bayan haihuwa a gida, ko bayan ɓarin da ba a wanke da kyau ba. Shi ya sa za ka ga mace ta haifi ɗaya, daga nan shiru. Asibitin da ya yarda ya yi miki IUI bai ga hoton nan ba, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Ta biyu shekarun mace. Ƙasa da 35 ne IUI ya fi yin aiki. Daga 35 yana raguwa, bayan 38 raguwar tana sauri, bayan 40 kuma sau da yawa bai kai kashi 5 a zagaye ba. Ba yawan ƙwai kaɗai ke raguwa ba, har da ingancinsa, shi ya sa ɓari ma yake ƙaruwa. A nan ina roƙon 'yan'uwana mata: shekarun da ke kan katin zaɓe ko takardar aiki, a bar su can. Likita na gaskiyar yake buƙata.

Ta uku gwajin maniyyi, kuma a nan ake shan daga. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa akwai hannun matsalar namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matar, amma matar ce za ta shekara tana jerin gwano a asibiti shi yana cewa ai lafiyarsa ƙalau, ga 'ya'yansa da uwargida. 'Ya'yan da autansu ya shiga sakandare ba shaidar yau ba ce. Ƙarfin kwanciya daban, ƙwayoyin haihuwa daban. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa ƙasan iyaka a ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 suna motsi, kashi 4 masu cikakkiyar siffa. Sai dai ga IUI lambar da ta fi faɗin gaskiya ita ce jimillar ƙwayoyin da ke motsi bayan an wanke. In sun kai miliyan 10, madalla. Tsakanin 5 da 10 ana yi. Ƙasa da 5 dama tana zubewa, ƙasa da miliyan 1 kuwa da ƙyar a dace.

Wani abin da ba a cika gaya wa maza ba: jiki yana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ya kammala sabbin ƙwayoyi. Mutumin da maleriya ko taifod ta kwantar a watan jiya, gwajinsa na yau zai iya fitowa da muni alhali ba haka yake ba. Ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya, a sake bayan wata uku. A ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin gwajin, samfurin kuma ya isa ɗakin gwaji cikin awa guda. Mai yin allurar testostiron don ƙarin kuzari ya sani ita kanta tana kashe samar da maniyyi, kuma taba da tiramadol ba su bar shi lafiya ba.

Ta huɗu ita ce bayanin likita kan dalilin matsalar da daɗewarta. IUI ya fi dacewa da wadda ƙwanta ba ya fita sai da magani, da waɗanda aka bincika ba a ga komai ba, da ƙarancin maniyyi mai sauƙi, da ma'auratan da saduwar kanta ke musu wuya. Yana rauni in akwai cutar nan da ke sa naman cikin mahaifa ya tsiro a waje ya manne kayan ciki, musamman in ta yi tsanani. Wadda ta taɓa samun ciki ta fi wadda ba ta taɓa ba dama, kuma neman shekara biyu ya fi na shekara bakwai.

Yanzu ga lissafin da kowa zai iya yi a bayan ambulan. In damarki kashi 12 ce a zagaye, zagaye uku zai ba ki wajen 32 cikin 100. In kashi 4 ce, zagaye ukun bai kai 12 ba. Kuɗin ɗaya ne, wahalar ɗaya ce. Kuma mafi yawan cikin da IUI ke bayarwa a zagaye uku zuwa huɗu na farko yake zuwa, bayan nan ribar tana yin ƙasa sosai.

Jira tare da lura

Ana raina wannan hanya, amma tana da hujja. A ƙasar Holan likitoci sun daɗe suna amfani da wani lissafi da ke hasashen damar samun ciki ba tare da magani ba cikin shekara guda, daga shekarun mace, daɗewar nema, ko ta taɓa ciki, da motsin maniyyi. A wani bincike da suka wallafa a 2006 kan ma'aurata 253 da damarsu ke tsakanin kashi 30 da 40, waɗanda aka yi wa IUI na wata shida ba su fi waɗanda suka zauna suka jira ba. A wani binciken Niyuzilan da aka wallafa a 2018 kuma, an ɗauki mata 201 da damarsu ta gaza kashi 30: zagaye uku na IUI da maganin nunar da ƙwai ya kai kashi 31 ga haihuwa, masu jira kuwa kashi 9. Aiki ɗaya, sakamako biyu, bambancin kawai wa aka yi wa.

Kafin a ce an jira shekara, a duba ko da gaske an jira. Kwanakin da ciki ke shiga wajen shida ne a wata, suna ƙarewa ranar da ƙwai ya fito, wato kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Mijin da ke aiki a Legas ko Fatakwal yana zuwa bayan wata biyu, shekararsa ba shekara ba ce. Haka gidan mata uku ko huɗu da ake kwana bibbiyu: mafi kyawun ranakun na iya faɗawa a girkin abokiyar zama wata bayan wata. Shari'a ta yarda mace ta kyautar da kwananta ko a yi musanye da yardar juna, kuma na ga gidan da hakan ya fi kowace allura amfani.

Kuɗin wannan hanya ta jira kaɗan ne, haɗari ga jiki babu. Abin da take ci lokaci ne, kuma 'yar shekara 24 tana da shi, 'yar 37 ba ta da shi.

Ƙwayoyin nunar da ƙwai tare da sikanin

Wannan ta wadda al'adarta ke tsallake wata biyu, uku, galibi saboda PCOS, wato matsalar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kan kari. Kulomifin, wanda aka fi sani da Clomid, da letirozol ne magungunan. A wani babban bincike na Amurka a 2014 kan mata 750 masu PCOS, letirozol ya kai kashi 27.5 ga haihuwa, kulomifin 19.1. Araha ce, kuma ana iya yin ta a nan Zariya ba sai an hau mota ba. Matsalarta ita ce yadda ake saye a kemis a yi ta sha wata da watanni ba sikanin, ba gwajin miji, ba hoton hanya. Ba a so a wuce zagaye shida, kuma macen da ƙwanta ke fita da kansa, shan ƙwayar ita kaɗai ba ya ƙara mata wani abin kirki.

IUI

Zagaye ɗaya yana tafiya kamar haka: sikanin a farkon al'ada, ƙwaya ta kwana biyar ko allurai, sikanin kuma wajen rana ta 10 zuwa 12, wani lokaci a sake, sai allurar da ke sa ƙwai ya fito, bayan kimanin awa 36 a yi aikin, a jira mako biyu a yi gwaji. Zuwa uku ko huɗu ke nan a cikin kwana goma sha wani abu, kuma ƙwan ne ke sa rana, ba ku ba. Ranar aikin dole miji ya kasance. In a Kaduna ne, tafiyar kilomita 80 ce, a fita da safe a dawo da yamma. In Kano ce ko Abuja, a sa kuɗin mota da masauki a lissafi tun daga tashar Kwangila.

Kuɗinsa a asibitocin kuɗi dubban ɗaruruwan naira ne a zagaye, yana hawa da sauka da dala saboda magungunan daga waje ake shigo da su. A nemi a rubuta jimilla: magani, sikanin, wankin maniyyi, aikin kansa, da abin da za a mayar in aka soke zagayen. Sannan a ninka sau uku, domin wanda ya shiga da kuɗin zagaye ɗaya caca ya yi.

Zaɓin da ke cikin zaɓi shi ne ƙwaya ko allura. A 2015 wani binciken Amurka kan ma'aurata 900 da ba a gano dalilin matsalarsu ba ya nuna a jimillar zagayen da aka yi, allurai sun kai wajen kashi 32 ga haihuwa, kulomifin 23, letirozol 19. Sai dai kusan kashi 32 na cikin da allurai suka bayar na fiye da ɗa ɗaya ne, har da 'yan uku, a kulomifin kuwa kashi 9. Na san abin da mai karatu ke cewa a ransa: Hassan da Husaini a tashi ɗaya, ai kakarsa ta yanke saƙa. To, cikin tagwaye ya fi zuwa da haihuwar bakwaini, hawan jini da jijjiga, 'yan uku kuwa sau da yawa sai kwalba, gadon kwalbar ma ba kullum ake samu ba. In sikanin ya nuna ƙwayaye sun nuna fiye da uku, likitan kirki soke zagayen yake yi. Kada a roƙe shi ya ci gaba, kuma a ƙaurace wa juna a makon.

IVF

Tun haihuwar jaririyar farko a Ingila a 1978 an haifi miliyoyi ta wannan hanya. Ita ce ke tsallake hanyar da ta toshe, kuma tun 1992 da aka fara cusa ƙwayar maniyyi guda cikin ƙwai da allura, ta zama mafita ga mazan da ƙwayoyinsu ba su taka kara sun karya ba. Alƙaluman Birtaniya na 2019 sun nuna haihuwa ga kowane ɗan tayin da aka dasa: kashi 32 ga 'yan ƙasa da 35, 25 ga 35 zuwa 37, 19 ga 38 da 39, 11 ga 40 zuwa 42, 5 ga 43 da 44. Ko a can ke nan, biyu cikin uku na matasa ba sa dacewa a dashen farko. Wanda ya yi maka alkawarin ɗari bisa ɗari, riƙe jakarka. Wanda kuma ya ce akwai ciki amma sikanin ba zai nuna shi ba, wannan damfara ce tsagwaronta.

Kuɗinsa miliyoyi ne a zagaye ɗaya. Allurai ne kullum na wajen kwana goma zuwa sha biyu, a ciro ƙwai da allurar barci, ga zaman makonni kusa da asibitin. Haɗarinsa mafi girma kumburin ma'ajiyar ƙwai da taruwar ruwa a ciki, wanda kan kai ga kwanciya, sai tagwaye in aka dasa fiye da ɗaya. Yana da abin da sauran ba su da shi: 'ya'yan tayin da suka rage ana daskarar da su, a dawo a dasa bayan shekara biyu ko uku da kuɗin da bai kai na farko ba. A tambayi asibitin yadda suke adana su da kuɗin ajiya na shekara.

Ga wadda shekaru suka ja, wani bincike na 2014 kan mata 'yan 38 zuwa 42 ya nuna waɗanda suka tafi IVF kai tsaye sun fi waɗanda suka fara da IUI samun haihuwa a zagaye biyu na farko, kuma a jimlace zagayen da suka yi bai kai nasu yawa ba.

| Hanya | Dama | Kuɗi | Lokaci | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Jira da lura | Mai kyau ga matasa, in gwaje-gwaje lafiya | Kaɗan | Wata 6 zuwa 12 | Babu, sai surutun dangi | Shekaru su wuce |
| Ƙwaya da sikanin | Mai kyau in ƙwai ne ba ya fita | Mai sauƙi | Zagaye 3 zuwa 6 | Kaɗan | Tagwaye jefi-jefi |
| IUI | Wajen 10 zuwa 15 cikin 100 a zagaye | Dubban ɗaruruwa sau uku | Wata 3 zuwa 4 | Zuwa 3 ko 4 a wata | Tagwaye, 'yan uku da allurai |
| IVF | Wajen 1 cikin 3 ga 'yan ƙasa da 35 | Miliyoyi | Mako 4 zuwa 6 | Mai yawa | Kumburi, tagwaye |

Wa ya dace da wanne

Wanda bai da takardun nan huɗu bai isa zaɓe ba tukuna. Sashen mata na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika wuri ne da za a fara, kuma gwajin miji ya kamata ya riga hoton hanya, tunda ya fi araha kuma ba ya ciwo. Ana fara bincike bayan shekara guda ana nema, ko wata shida in matar ta kai 35.

Mace 'yar ƙasa da 30, nema bai kai shekara biyu ba, komai ya fito lafiya: a gyara kwanaki, a jira wata shida zuwa shekara.

Al'ada tana tsallake, hanya a buɗe, miji lafiya: ƙwaya da sikanin. In ƙwai yana fita amma shiru bayan zagaye uku zuwa shida, a ƙara da IUI.

Hanyoyi biyu a toshe, ko ƙwayoyi masu motsi ƙasa da miliyan 1 bayan wanki a gwaji biyu: kada a taɓa IUI ko sau ɗaya. Kuɗin nan a zuba shi a asusun IVF, ko da zai ɗauki shekara ana tari.

Shekara 38 zuwa sama: in da hali, IVF kai tsaye. In babu hali sam, kuma hanya a buɗe take, maniyyi mai kyau, a gwada IUI sau ɗaya ko biyu da sanin cewa damar ƙarama ce, kada a sayar da gona a kai.

Ƙasa da 38, aƙalla hanya ɗaya a buɗe, maniyyi ya kai miliyan 5 bayan wanki, an daɗe ana nema: nan ne gidan IUI. A fara da ƙwaya, a yanke tun farko cewa zagaye uku ne, huɗu in ya yi yawa, kuma a jera su wata bayan wata maimakon ɗaya bana ɗaya baɗi.

Ƙanwata a wannan layin na ƙarshe ta faɗo: shekara 31, hanyoyi biyu a buɗe, al'ada a kan kari. Takardar maigidan ce kawai ta tsaya min a rai, guda ɗaya tak, lambobin a ƙasa, kuma da na duba kwanan watan sai ta tuna makonni kaɗan ne bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi da damina. Na ce kada su biya kuɗin komai sai ya sake gwajin, a kuma roƙi a wanke a ƙirga masu motsi. In sun haura miliyan 5, IUI uku. In sun gaza 1, su fara adashin Abuja.

Ta tattara takardunta ta ce, "Yaya, ke za ki gaya masa, ni na gaji da faɗa." Na ce ta turo min shi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.